Wasiƙun soja zuwa ga matarsa: wa ya taɓa gani a gidansu?

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum jama'a. Jiya muna kwashe kayan marigayiya kakarmu, sai ga wasiƙu bakwai a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumman atamfa. Kakanmu ne ya aiko su daga fagen daga lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970. Abin da ya ɗaure min kai, ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba. Daga "a gaida mai ɗakina" sai lissafin kuɗin cefane, sai tambayar lafiyar jar akuya. Haka na gidanku suke?

Ɗan Birget: Allah ya jiƙanta, Yaya. Ai ba ita kaɗai ke jin wasiƙar ba. Mahaifiyarmu ba ta yi boko ba, ƙanin Baba ne ke karanta mata a tsakar gida, surukarta na zaune kan tabarma ta kasa kunne. To me kike so bawan Allah ya rubuta? Amma fa suna da dabararsu. In Baba ya ce "a riƙa kula da bishiyar lemon nan", ita yake nufi. Sai bayan rasuwarsa ta gaya mana, tana dariya tana share hawaye. Mu kuwa mun daɗe muna mamakin son da yake wa bishiyar da ko 'ya'yan kirki ba ta yi.

Na Dala: Namu kakan ƙasar Bama (Burma) ya je, yaƙin Hitila. Da ajami ya rubuto, biyu kacal suka iso. Ba ya faɗin inda suke, sai dai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da kewar tuwon dawa.

Matar Soja: Kada ku ɗauka abin ya wuce. A 2013 da aka katse layukan waya a Borno, maigidana yana can bakin aiki, ni ina Barikin Bukavu a Kano da tsohon ciki. Mako shida shiru, sai wani abokin aikinsa ya kawo min 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta. Layi huɗu ne. Na ƙarshe: in namiji ne, a sa masa sunan mahaifina. Mace na haifa, har yau yana tsokanata.

'Yar Gwammaja: Ɗan Birget, ka sa na kira Umma yanzun nan. Wallahi ta ce tun tasowarta ba a taɓa kiwon akuya a gidan ba.