Kwamfutata ta ce an daina kula da Windows 10, ina mafita?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Laftof ɗina HP EliteBook 840 G3 ce, da ita nake buga jarrabawar yara da sakamakonsu, har da lissafin kuɗin makaranta. Kwanakin nan kullum sai ta fito min da rubutu wai an daina kula da Windows 10. Na bi inda ta nuna in duba ko za ta ɗauki Windows 11, ta ce ba za ta ɗauka ba. Yaya zan yi? Kuɗin sabuwa dai babu su a wannan zangon.

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ta faɗa miki. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Ita kuma G3 ƙwaƙwalwarta Intel zubi na 6 ce, alhali 11 daga zubi na 8 yake karɓa, ga kuma sharaɗin TPM 2.0, wato wata 'yar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta. Ba mutuwa kwamfutar za ta yi ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da ake ganowa wata-wata.

Ɗan Kwari: Hajiya ki kai ta wajen masu gyara su ɗora miki 11 ɗin da ƙarfi. Ko awa ɗaya ba za a yi ba.

Mai Kwafi: Ɗan Kwari, don girman Allah ka bar ba mutane irin wannan shawara a dunƙule. Hajiya, ki tsaya ki ji abin da ya same ni, sannan ki yanke hukunci.

Shekara huɗu ke nan. Shagona na kwafi ne da buga takardu, katin biki, aikin ɗalibai 'yan ajin ƙarshe. Babbar kwamfutar shagon ta yi nauyi, na kai ta wajen wani yaro ya wanke min ita. Yaron ya cika min ita taf: Windows, Office, CorelDRAW, duk ba na saye ba, da wata 'yar manhaja da yake kunna su da ita. Da yake Defender, wato manhajar kariya da ke zuwa da Windows, na kama 'yar manhajar tana gogewa, sai ya kashe Defender ɗin gaba ɗaya. Ya kashe sabuntawa kuma, wai don kada ta cinye min data. Har godiya na yi masa, na ƙara masa na shayi.

Bayan wasu watanni yaron shagona ya sauko da wata manhajar gyaran hoto ta kyauta daga wani shafi. Washegari da safe na zo na kunna, babu fayil ɗaya da yake buɗuwa. Kowanne an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, kowace folda kuma ga wata takarda mai suna _readme.txt. Na buɗe, da Turanci suka rubuta wai sun kulle min kayana, in biya dala 980, in kuma na tuntuɓe su cikin awa 72 su rage min zuwa 490. Daga baya aka ce min sunan abin STOP/Djvu, kuma ta manhajojin sata ya fi yaɗuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai, ina da rumbun ajiya na waje, kuma ina kwashe aiki a ciki. Amma dare da rana a jone yake da kwamfutar. Shi ma suka kulle shi tare.

Akwai wata baiwar Allah da ta kawo min kundinta na kammala digiri, mun gama babi huɗu, saura mako biyu ta miƙa. Takardun da ta rubuta da hannu ta riga ta watsar, tunda ta ga an buga. Ta zauna a bencin ƙofar shago tana hawaye, ni kuma na rasa bakin magana. Wani ya nuna min manhajar buɗewa ta Emsisoft, na gwada, ta ce mabuɗin nawa irin wanda yake hannun ɓarayin ne, ba za ta iya ba. Ban biya su ba, ba ni ma da shi. Da tsofaffin shafukan da muka taɓa bugawa don malaminta ya duba muka sake tada aikin, ni da ita, har ƙarfe ɗayan dare a kan janareto. Kwana uku bayan haka aka ƙwace min Facebook, saboda kalmomin sirrin da na adana a burauza su ma an kwashe.

Don haka Hajiya, ko me za ki yi, kada ki bari kowa ya kashe miki Defender. Duk wanda ya ce sai ya kashe shi kafin ya sa miki wani abu, ki ɗauke kwamfutarki ki tafi.

Malamin Firamare: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Maman Biyu: Subhanallah. Jikina ya yi sanyi wallahi, nawa rumbun ma yanzu haka a jone yake.

Mai Kwafi: Cire shi Hajiya. Ki kwafa, ki cire, ki sa a durowa.

Ɗan Kwari: Alhaji ni ban ce a sa mata na sata ba fa. Da wata manhaja Rufus ake haɗa filash ɗin ɗora Windows a tsallake sharaɗin TPM, Windows ɗin kuwa daga shafin Microsoft ake sauko da shi. Tawa haka na yi mata kuma tana aiki lafiya.

Injiniya: Yana yiwuwa, ban musa ba. Sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, ba ta yi mata alkawarin sabuntawa ba. Kai da ka iya, in ta tsaya za ka sake. Hajiya kuwa sakamakon yara ne a ciki, in ta ƙi tashi ranar ba da kati fa?

Ɗalibin Samaru: Duk ku huta. A cire Windows a sa Linux Mint a madadinsa. Kyauta ne, halal ne, babu kunnawa da wata manhajar ɓoye. Mint 22 an ɗora shi a kan wani nau'in Linux, Ubuntu 24.04, za a ci gaba da kula da shi har 2029. G3 gudu za ta riƙa yi da shi. Ga LibreOffice a ciki, yana buɗe fayilolin Word da Excel.

Ɗan Kwari: An zo wajen. Bazazzagi ba ya shiga zance sai ya kawo abin da zai wahalar da mutane.

Ɗalibin Samaru: Bakano kuwa ko kwamfuta ce sai ya yi mata ciniki. Gwari-gwari na yi bayani, in ba ka gane ba ka zo Zariya mu koya maka.

Mai Kwafi: Yaro, Corel fa? Duk katin bikin garin nan da Corel ake yinsa.

Ɗalibin Samaru: Baba, Corel ba ya hawa Linux, wannan gaskiya ce. Akwai Inkscape amma sai ka sake koyo, kuma masu kawo maka aiki da nasu fayil za su zo. Kai ban ce ka koma ba. Hajiya ce da aikinta rubutu ne da lissafi.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni shekara biyar ina kan Ubuntu a biro, ban taɓa ganin filash ya zo min da ciwo ba. Matsalata ɗaya, injinan da ke zo mana nan madanninsu na Faransanci ne, inda ku kuke da Q mu A ne. Ɗ da ƙ da ɓ sai da na sha wuya kafin na daidaita su.

Malamin Firamare: Yauwa, abin da nake son tambaya ke nan tun tuni. Yaya ake rubuta masu lanƙwasar nan a kwamfuta? Ni kwafo su nake daga waya.

Injiniya: Malam, Windows na da madannin Hausa a cikinsa. Ka shiga wajen harshe a saituna ka ƙara Hausa, shi ke nan. Akwai kuma Keyman in wancan bai yi maka ba.

Malamin Firamare: Allah ya saka. Amma Injiniya maganar sabuntawa, a gaskiya ni ma tawa a kashe take. Rana ɗaya na jona ta da wayata ta shanye datar wata guda. Albashin malami ba zai ɗauki wannan ba.

Injiniya: Na fahimce ka Malam, kuma ba kai kaɗai ba ne. Amma akwai tsaka-tsaki. A saitin wayifai akwai inda za ka nuna mata cewa wannan layin na awo ne, sai ta rage jan kaya da kanta. Gyaran tsaro kuma ranar Talata ta biyu a kowane wata yake fitowa. Ka ware dare ɗaya a wata, ka sayi datar dare mai rahusa, ka bar ta ta sauke. Ku tuna cutar kwamfutar nan WannaCry. A watan Maris 2017 Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar, ranar 12 ga Mayu cutar ta ɓarke ta shiga ƙasashe sama da 150, asibitocin gwamnati a Ingila har sai da suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Wata biyu maganin na ajiye, waɗanda ba su sha ba su ta kama.

Ɗan Kwari: Ni dai manhajar kariya ta Smadav ta ishe ni. Filash ɗin kafe duk shi ke wanke min.

Injiniya: Masu Smadav da kansu cewa suke kariya ce ta biyu, a haɗa da wata. Ka bar shi, amma ka bar Defender a kunne.

Hajiyar Kanti: Ni tawa matsalar filash ce. Na kai kafe aka buga min takarda, na dawo duk folda ta koma wata 'yar alama mai kibiya. Kayan sun tafi ke nan?

Ɗalibin Samaru: Suna nan Hajiya, ɓoye su aka yi. Kada ki danna masu kibiyar, dannawar ce ke tada cutar. Ki sa Defender ya bincika filash ɗin tukuna, sannan a fito da ɓoyayyun fayilolin. In kin samu mai Linux ma ya fi sauƙi, yana sakawa zai ga komai a fili ya goge mugun.

Ɗan Kwari: Ka ga ya sake shigo da shi ta taga.

Hajiyar Kanti: Ku dai ku bar faɗan nan ku turo min yadda ake yi.

Maman Biyu: Jama'a kun manta da ni fa. Har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Injiniya: Afuwan Hajiya. Ki shiga saituna, wajen Windows Update, ki tabbatar naki 22H2 ne, wato zubin ƙarshe na Windows 10. Za ki ga inda aka ce ki yi rajistar ƙarin wa'adin tsaro, ESU suke kiransa. Sai da asusun Microsoft. In kin yarda ta adana saitunanki a asusun, kyauta ne. In ba haka ba dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards. A yadda Microsoft ta sanar a 2025, wa'adin zuwa 13 ga Oktoba 2026 ne. Sharaɗi dai Windows ɗin ya zama mai lasisi na gaske, kuma irin waɗannan kwamfutocin na ofis galibi da lasisinsu suke zuwa. In Office 2016 ko 2019 ne a kai, shi ma a waccan ranar ta Oktoba 2025 aka daina kula da shi, ki yi hattara da fayil ɗin da ba ki san wanda ya turo ba.

Ɗalibin Samaru: Na yarda da wannan. Kafin wa'adin ya cika ta gwada Mint daga filash ba tare da ta goge komai ba, ta ga ko firintarta za ta yi aiki, ta ga ko jadawalin sakamakon bai wargaje ba.

Mai Kwafi: Ni ma na yarda, amma kafin ta taɓa komai ta kwashe kayanta wuri biyu.

Ɗan Kwari: In za ki sayi ta hannu baɗi ki duba zubi na 8 zuwa sama, kada a ruɗe ki da "Core i7 ce". Akwai i7 ɗin da ta girmi 'ya'yanki.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na cire rumbun. Na duba kuma 22H2 ce, amma ban ga wajen rajistar ba, sai wasu sabuntawa guda shida da ke jira.

Injiniya: Su ne suka tare shi. Ki bari su sauka, ki kashe ki kunna, sannan ki sake dubawa.

Maman Biyu: To sai dare, yanzu an ɗauke wuta kuma batirin saura kaɗan.

Hajiyar Kanti: Ɗalibi ina jiran bayanin filash ɗin nan fa.