Gashi bayan tiyatar dajin fata: wa ya taɓa yi ya ba mu labari?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman wanda ya taɓa shiga wannan hali, don kaina ya kulle. Wajen shekara bakwai ina da wani ƙullutu a bayan kafaɗar hagu. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, duk wanda ya gani sai ya ce tabo ne mai tudu, irin wanda ke fito wa wasu bayan hudar kunne. Bara ya fara girma yana 'ya'ya, na je aka cire. Sakamakon naman ya fito da wani dogon suna, dermatofibrosarcoma protuberans, likita ya ce a taƙaice DFSP, dajin fata ne da ba a cika samu ba. Aka sake shiga da ni tiyata aka yanke da faɗi, aka ɗebo fata a cinyata aka rufe wajen. Yau sati biyar ke nan. Jiya likitan ya ce ta can ƙasa, kusa da ƙashi, an ga sauran ciwon a bakin naman da aka yanka, kuma in aka ƙara yanka hannun zai iya samun matsala. Saboda haka za a tura ni gashi, wato a riƙa haska wajen da hasken na'ura don kashe sauran ciwon, zama 30.

Surukata ta ce daji ba ya son ƙarfe, mun riga mun yi ganganci da wuƙa, yanzu kuma za mu kai shi wuta. Tun jiya ban runtsa ba. Da zafi? Zan iya ɗaukar 'yan biyuna? Shekararsu uku.

Tela na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya. Irin naki ne da ni, a ciki wajen cibiya, kuma na yi zama 30 ɗin nan shekara huɗu da suka wuce. Sunan ne kawai ke tsorata mutane. Da aka ce mini gashi, tsire na hango a kan wuta. Ba wuta, ba ɗumi, ba abin da ke taɓa ki. Ki kwanta, na'ura ta zagaya tana ɗan ƙugi, ki tashi. Gyara miki kwanciya ya fi gashin kansa daɗewa. Duka-duka minti goma zuwa sha biyar, hasken kuwa bai fi minti biyu ko uku ba. Litinin zuwa Juma'a, a huta Asabar da Lahadi, sati shida.

Maganar ƙarfe, da girmamawa ga surukarki, ni ne shaida. Nawa wanzami ya fara tsagawa, ya dawo. Aka cire a wani ƙaramin asibiti, aka jefar da naman ba a kai gwaji ba, ya dawo ya ninka. Gida kowa ya ce ai ga shi nan, ƙarfe ne. Sai da likitan ƙarshe ya zana mini a takarda na gane: ciwon nan saiwa yake yi a ƙarƙashin fata kamar kiri-kiri a gona, abin da ido ke gani kaɗan ne. In an cire kan aka bar saiwa, dole ya tsiro. Shi ya sa suke yanka har da lafiyayyar fata santimita biyu ko uku a kewaye, kuma inda wuƙa ba ta kai ba a bi da gashi.

Bazazzagiya:
'Yar'uwa, yaranki ki rungume su son ranki. Hasken na waje ne, da an kashe na'ura shi ke nan, ba ya bin ki gida. Ni kishiyata sai da ta ware mini kofi da cokali, har ma'aikaciyar jinya ta kira ta a waya ta yi mata bayani. Abu ɗaya dai, juna biyu ne ba a so a lokacin, za su tambaye ki kafin a fara, ki faɗi gaskiya in kina da shakka.

Amma kada Malam Tela ya sa ki ɗauka shan shayi za ki je. Sati biyun farko ban ga komai ba, har ina cewa anya na'urar nan tana aiki? A na uku wajen ya fara duhu, daidai da faɗin inda ake haskawa, kamar an zana da rula. A na biyar ya yi baƙi ƙirin yana saɓa, gefen da rigar mama ke gogawa ya ɗaye yana ruwa. Abin da ba wanda ya gaya mini, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne bayan an gama ne ya fi tsanani. Kwana goman da suka biyo bayan zaman ƙarshe na yi kuka, na ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe haka yake yi, sai ya kai ƙarshen ƙunarsa sannan ya juyo. Cikin wata guda ya rufe. Duhun bai gama tafiya ba har yau, amma wa ke leƙa bayana.

Ki tanadi riguna masu faɗi na auduga, ki ajiye leshi da duk wani mai ƙaiƙayi. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, ki zuba da hannu, ban da soso a wajen, ki ɗan danna tawul kada ki goga. Ban da Robb, ban da hoda, ban da turare, ban da duk wani ƙulli da 'yan dubiya za su kawo, kuma za su kawo. Ni an yarda mini da man kaɗe inda fatar ba ta fashe ba, bayan an fito daga zama. Ki nuna musu naki kafin ki shafa, kowane wuri da tsarinsa.

Malamin Firamare:
Ni zabiya ne, nawa ba irin naku ba ne, wanda rana ke jawo mana ne, a bayan kunne. Saboda a kai ne, sai da aka yi mini wata fuskar roba mai huji-huji: a tsoma ta a ruwan ɗumi ta yi laushi, a ɗora a fuska ta bushe da siffar mutum, kullum a maƙale ta a gado don kada kai ya motsa. Ranar farko na ji kamar an binne ni da rai. Daga baya na lissafa, in na fara Ayatul Kursiyyu a zuci a hankali, kafin na yi ƙafa bakwai an buɗe ƙofa. Ke a kafaɗa ne, wataƙila zane kawai za a yi miki da alƙalami bayan hoton farko, ko ɗigo ƙanana. Ki kiyaye zanen kamar kuɗi, in ya goge kada ki maimaita da hannunki.

Gashi ya cinye mini gashi, amma na wajen kawai, faɗin tafin hannu, kuma bai dawo ba. Masu zubewar gashin kai gaba ɗaya na allurar daji ne, wannan daban.

Ɗan Maraɗi:
Gwaggo, ni mahaifina na yi jinya. Yana yaro ya faɗa wuta a murhu, tabon ƙaurinsa ya yi sama da shekara arba'in lafiya lau, sai ya ɓalle ya zama gyambon da ba ya warkewa, ashe ya rikiɗe daji. Bayan aiki aka ce gashi. A Nijar sai a 2021 aka buɗe wurin gashi a Yamai, kafin nan sai an ƙetara iyaka, wanda ba shi da hali ya koma gida.

Abin da zan ce, ku yi lissafin masauki kafin na asibiti. Sati shida a garin da ba naka ba, da ci da sha da kuɗin abin hawa kullum, shi ya fi cinye mu. Kuma a wurin da muka je, na'ura ta tsaya a zama na 17, muka yi kwana takwas muna zuwa muna komawa. Baba ya ce shi ya gaji, ai ƙafar ta yi kyau, a mai da shi gida. Likitar ta zaunar da shi ta ce adadin da aka rubuta duka ake so ya shiga, kuma tsawaita kwanakin ba alheri ba ne, don haka suka sake lissafi suka cike abin da aka rasa. Ku karɓi lambar wani a sashen, ku kira da safe kafin ku fito.

Nas Mai Ritaya:
'Yata, Allah Ya sa kaffara ne. Kafin ki tafi, ki haɗa takardu uku a jaka ɗaya: sakamakon naman na farko da na biyu, bayanin tiyata, da hotunan da aka ɗauka. Mutane da yawa sun yi tafiyar banza saboda wannan. Ba za a fara ba sai fatar da aka dasa ta kama sosai, in sun ce ki ƙara sati biyu ba wulaƙanci ba ne. Za ki ga an rubuta 60 Gy, wato awon hasken ke nan, ana ba da 2 a kowane zama. Wani lokaci su shimfiɗa wani abu mai taushi kamar danƙo a kan tabon don hasken ya tsaya a fata, shi ya sa masu dajin fata suka fi saɓa.

A arewa, sassan gashi da aka daɗe da sani su ne na asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Likitanki ya bincika miki inda layi ya fi sauƙi kafin ki hau mota. Ki kuma nemi ofishin walwala na asibitin.

DFSP ba ya cika yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, halinsa shi ne dawowa inda ya fito, galibi a shekaru ukun farko. Don haka ko an gama, ki riƙa zuwa duba, kuma ki saba da shafa tabon da yatsa don ki san yadda yake. Kafaɗar za ta iya yin tauri bayan watanni. A nan ne za ki buƙaci gashin ƙashi na gaske, wato motsa gaɓa, kada ki bari sai hannu ya ƙi ɗaguwa.

Tela na Sabon Gari:
Na manta da gajiya. Daga sati na huɗu, keken ɗinki ma kallonsa nake yi. A samu mai kama miki yara da girki.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa surukata na Malam Tela, ta yi shiru, ta ce to ita za ta riƙe yaran. Yau na yi zama na 9, ina gidan ƙanwar babana. Gaskiya ba zafi, sanyin ɗakin ne ma ya dame ni. Anti Bazazzagiya, gumi ya fara cinye zanen gefe ɗaya, sun ce gobe za su maimaita su liƙa masa leda. Da wajen ya fara ruwa, da me kika riƙa rufe shi in za ki sa hijabi?