An mayar da hoton ɗaliba sitika a gurup ɗin aji

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan 'yan aji suka mayar da hoton yarinya sitika a WhatsApp suna yi mata dariya, me iyaye za su fara yi?

Amsa 1: Kada ta fita daga gurup ɗin tukuna. A ɗauki hoton allon wayar (screenshot), lambar mai turawa da lokaci su fito, domin admin na iya goge saƙon. Sannan a kai wa malamin aji.

Amsa 2: Mai Amsa 1 ya yi gaskiya. Amma don Allah kada a ƙwace mata waya. Za ta ga ita aka hukunta, gobe ta ɓoye muku, ga shi ƙawayenta ma a can suke.

Amsa 3: Ku danna Report (wato kai ƙara), saƙonni 5 na ƙarshe za su je wa WhatsApp. Sitikar da aka riga aka adana kuwa, sai kowa ya goge a wayarsa a gaban malami.