An mayar da maigidana Sakkwato, gidanmu sun ce kada in bi shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Kano ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. Wurin aikin maigidana sun yi masa canji zuwa Sakkwato, kuma ba na ɗan lokaci ba ne. Shi yana so mu tattara mu koma da yara gaba ɗaya. Ni ma zuciyata can ta fi karkata, don ba na son zaman da miji yana wani gari iyali suna wani. Amma tunda maganar ta fito, a gidanmu babu wanda ya goyi baya. Hajiyarmu ta ce ba za ta iya barci ba in jikokinta suna garin da kullum sai an ambace shi a rediyo da maganar 'yan bindiga. Yayata ta ce zafin garin kaɗai ya isa ya kwantar da yara. Wata ƙawata kuma ta ce babu kasuwa, ɗinkin da nake yi da sayar da atamfa duk za su mutu. Duk masu faɗin nan babu wanda ya taɓa kwana a garin. Shi ya sa nake tambayar ku da kuke zaune a ciki: tsakaninku da Allah, me ke da daɗi a zaman Sakkwato, kuma me ya kamata in ji tsoro?

Wani ma'aikacin lafiya, ɗan Zariya, mazaunin Arkilla:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da Hajiya take ji a rediyo gaskiya ne, sai dai jihar da babban birninta suna ɗaya gare su, daga nan ruɗanin yake farawa. Jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 ce. Inda matsalar 'yan bindiga ta fi tsanani shi ne gabashi, wato Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah, Wurno, sai kuma wajen Tangaza da Gudu kusa da iyakar Nijar, inda aka fara jin sunan ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta Lakurawa sosai a ƙarshen 2024. In an kai hari ɗaya daga cikin waɗannan wurare, labari zai ce "a Sakkwato", na nesa kuma sai ya ɗauka cikin gari ne. Mu da muke cikin gari muna fita sallar asuba, yara na tafiya makaranta, mai shayi na nan har dare ya yi nisa.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne hanya. Daga Kano ta Funtuwa za ku biyo, ku wuce Tsafe, Gusau, Talata Mafara, Tureta. Wannan hanyar ba a yi mata sammako na duhu, ba a bari yamma ta riske mutum a kai, kuma kafin a tashi a tambayi direbobin tasha yadda ta kwana. In Hajiya za ta yi fargaba, nan ne wurin fargabar.

Wata dattijuwa daga cikin gari, wajen Kanwuri:

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka da kinka tambaya kahin ki yanke. Taho abinki. Garin ga Birnin Shehu ne. Sarkin Musulmi Bello yag gina shi a 1809, Shehu yaz zo yaz zauna ciki har Allah Yai mai rasuwa a 1817, hubbarenai na nan, mutane na tahowa ziyara daga Nijar da ko'ina. Ɗiyatai Nana Asma'u ita ma nan take kwance kusa da mahaifinta, kuma tun zamaninta mata ke karantar da mata cikin garin ga. Ba ki rasa makarantar da za ki shiga, ta sahe ko ta dare, ɗiyanki ma ba su rasa islamiyya.

Mutanenmu ba su da saurin sabo, kada wanga shi dame ki. Kina iya ganin kamar ba a kula ki ba kwanakin hwarko. Ki shiga maƙwabta ki gaishe su, in anka yi haihuwa ko rasuwa ki tahi. Randa sunka riƙe ki, sun riƙe ki ke nan. In kin iso ki neme ni, hura na jiranki.

Wata Bakanuwa da aure ya kai Mabera:

'Yar garinmu, ni na san abin da kike ji, don irin maganganun nan aka yi min. Bari in fara da zafin, tunda shi ne ba a yi miki ƙarya a kai ba. Daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, wasu ranakun har ya kai 44 ko sama. Ruwan da ya wuni a tanki ba ya wankuwa da rana sai an sirka. In azumi ya faɗo a wannan tsakanin, sai addu'a. Amma mutanen gari sun san yadda ake zama da shi: a gama aiki da sassafe, tsakar rana kowa ya nemi inuwa, da dare a fito tsakar gida a ɗaura gidan sauro. Ki nemi randa ko da kina da firji, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, in kuma da hali a sa ɗan sola ko da na fanka da fitila ne. Lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau a duk yankin nan, don haka ki duba katin rigakafin yara kafin ku taso, kada kuma a cunkushe su a ɗaki ɗaya a rufe taga. Da damina ta sauka a watan Yuni gari yake sakewa. Disamba da Janairu kuwa sai kin nemi bargo.

Sai ruwa. Kafin maigida ya biya kuɗin haya, tambayar farko ita ce ruwa, kafin fenti, kafin tayil. Akwai unguwannin da famfo ke zuwa, akwai inda sai masu kura. Gidan da ke da rijiyar burtsatse ko yana kusa da ita, ko ya ɗan fi tsada ku ɗauka.

To yanzu ga daɗin. Abin da na fara lura da shi shi ne lokacina ya dawo hannuna. A Kano in zan je asibiti ko gidan biki, rabin yini ya tafi a cunkoso. Nan kuwa in shiga kasuwa, in biya gidan ƙawata, in dawo kafin yara su taso. Maigidana yana dawowa gida cin abincin rana, abin da bai taɓa yi ba a can. Ba ƙaramin abu ba ne yara su riƙa ganin ubansu da rana.

Cefane kuma ki bar shi. Garin yana bakin inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu, fadama ce ta kewaye shi. Da rani albasa, tafarnuwa, tumatir, tattasai, karas, duk daga nan kusa suke fitowa. Ki je Ramin Kura ki ga albasa buhu kan buhu ana lodawa zuwa kudu. Nama, nono, man shanu, gero, shinkafar gida, duk na fi samun su da sauƙi da kyau a nan. Hayar gida ma, in kin kwatanta unguwa da irinta, ta fi ta Kano dama, ko da yake yanzu tana ta hawa.

Maganar sana'a kuwa, ƙawarki ba ta san garin ba. Matan Sakkwato suna son sutura, suna kuma yin biki. 'Yan kasuwar nan da yawa daga Kantin Kwari suke sarowa. Ke da kika san Kwari da ƙafarki, kina da wanda zai saya ya sa miki a mota, ai kin riga kin fi wasu. Abu ɗaya ne: ciniki a nan da sanayya yake tafiya, ba ya zuwa da gaggawa. Watannin farko ki yi haƙuri, ki ɗinka wa maƙwabciya ɗaya da kyau, ita za ta kawo miki sauran.

Wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Anti, ta fannin karatu ba ki da damuwa. Jami'armu tun 1975 take, ana yi mata kirari da jami'ar da ta fi kowace zaman lafiya, kuma ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan suna ciki. Ga jami'ar jiha, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Asibitin koyarwa yana Gawon Nama, mutane har daga Kabi da Zamfara da Nijar suke zuwa. In kun samu natsuwa ki kai yara gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Wani magidanci, ɗan Sabon Birni:

Na karanta duk abin da aka rubuta, ban ga ƙarya ba. Amma ina roƙon 'yan uwa, in za mu yabi gari kada mu yi kamar gabas wata ƙasa ce daban. Ni a cikin Sakkwato nake kwana yanzu, kuma ba don na zaɓa ba. Gonata na can, ban noma ta ba. Mu ne aka ƙona mana mutane cikin mota a Disambar 2021, maƙwabtanmu na Goronyo aka buɗe wa wuta a kasuwa a Oktobar shekarar, mu ne aka sace mana Sarkin Gobir na Gatawa, daga baya aka kashe shi a Agustan 2024. In hakimi bai tsira ba, wa zai tsira?

Baiwar Allah, ki zo. Garin yana da aminci, shi ya sa muka gudo cikinsa. Zan kuma shaida wa mutanensa abu ɗaya: da muka zo ba a kore mu ba. Akwai wanda ya ba ni ɗaki a gidansa bai san ni ba, sai da na fara samu kafin ya yarda ya karɓi ko kwabo. Sai dai za ki ga mata da yara suna yawo gida-gida neman abin kai wa baki. Da yawansu matan manoma ne, masu rumbu a da, masu ba wasu. In sun ƙwanƙwasa miki ƙofa ki san ko su wane ne. Kuma in wani ya gayyace ku biki ko kasuwa a wajen gari, ta gabas ko ta arewa, kada maigida ya ji kunyar tambaya kafin ya ɗauki hanya.

Ma'aikacin lafiyar ya sake cewa:

Allah Ya kawo muku ƙarshensa, Malam. Maganarka ita ce daidai, kuma mu a wurin aiki muna ganin waɗanda ake kawowa daga can. Zan ƙara abu ɗaya don kada 'yar uwa ta ce an ɓoye mata: cikin garin ma ya taɓa rikicewa, a watan Mayun 2022, har aka sa dokar hana fita. Akwai kuma ƙananan ɓarayi da masu fizgen waya kamar kowane birni. A rufe gida da wuri, a san direban kabu-kabun da ke kai yara makaranta.

Wani ɗan kasuwa a Sabuwar Kasuwa:

Hajiya, kuɗi na nan garin ga, sai dai ba su da hayaniya. Ga siminti a Kalambaina, ga albasa, ga fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani, ga Illela bakin iyaka, in ka tsallaka kana Ƙonni. Wanda yac ce babu kasuwa bai shigo ba.

Mai tambayar ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama ta Kanwuri, in sha Allahu zan zo shan furar. Bawan Allah na Sabon Birni, maganarka ta sa ni hawaye, Allah Ya mayar da ku gidajenku lafiya. Hankalina ya kwanta da tafiyar. Abin da ya rage min shi ne Hajiyarmu. Ba na so in tafi ranta bai so ba, kuma in na buɗe baki sai ta ce ni yarinya ce ban san duniya ba. Ta yaya zan ɓullo mata?

Bakanuwar Mabera:

Kada ke ki yi maganar. Maigida ya fara zuwa shi kaɗai ya kama aiki, ya zagaya unguwanni da idonsa: Arkilla, Gawon Nama, Bado, Runjin Sambo, Mabera, Guiwa, ya ga wadda ta yi kusa da ofis da makarantar yara, ya tabbatar da ruwa. In ya dawo, ya ɗauki babban wansa ko kawunku, wanda Hajiya take jin nauyinsa, su je su durƙusa su yi mata bayani. Kada su ce mata babu komai, don ba za ta yarda ba, kuma ba gaskiya ba ne. Su faɗa mata inda matsalar take, su faɗa mata inda gidan yake, su yi mata alkawarin ba za a bi hanya da yara da dare ba, ba kuma za a riƙa zirga-zirga kowane mako ba. Iyayenmu sun fi natsuwa in sun ga namijin ya san abin da yake tsoro.

In da yadda za a yi, ku jinkirta tasowa zuwa bayan damina, wajen Nuwamba, yara su saba da garin cikin sanyi kafin Maris ya zo. In kun zauna kuma ki roƙi Hajiya ta zo da kanta. Yawancin iyayenmu suna da burin ziyarar Hubbare, tawa da ta fi kowa hana ni, da wannan aka shawo kanta ta zo, kuma a zuwan nan ta ga maƙwabtana ta ga inda yara ke karatu. Ki turo min saƙo ta gefe in ba ki lambar wata maƙwabciyata da ke neman wanda zai kama sashen gidansu, akwai rijiya a ciki.