Za a yaye autarmu a Samaru, rabona da Zariya shekara 19

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Autarmu ce za a yaye a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, kuma tunda Baba ya rasu ni ce babba, ni zan kai Inna. A can na yi nawa karatun, na fita a 2005, aure ya kai ni Gombe, tun daga nan ban sake taka Samaru ba. Tunda aka sa rana gabana ke faɗuwa. Don Allah duk wanda ya taɓa komawa saboda bikin wani nasa ya ba ni labari, da shawarar yadda zan yi da tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Baban Khalifa:
Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ku kwana a Zariya, kada ku ce za ku yi sammako ranar. Lokacin ƙanena mun taso daga Kano bayan asuba, amma daga gadar Kwangila zuwa babbar ƙofa mun fi awa guda muna jan ƙafa. Masauki kuma a kama tun da wuri, ko ku sauka gidan 'yan uwa a Hanwa ko Palladan. Ku riƙo wa Inna kujerar roba da ruwa, in lokacin hunturu ne har da rigar sanyi.

Abin da ya tsaya min a rai kuwa daban ne. Akwai mai shayin da muke zama wurinsa a Samaru, wanda in wata ya yi nisa yake rubuta mu a littafin bashi ba ya ko ɗaga kai. Na neme shi da yamma. Teburin na nan inda na san shi, amma saurayi na tarar yana fasa ƙwai. Ɗansa ne, wanda na sani yana wanke kofuna da ɗan gajeren wando. Ya ce tsohon ya rasu shekara uku da suka wuce. Na zauna na sha shayin, na kasa cewa komai sai addu'a. Ya ƙi karɓar kuɗina.

Ɗan Kongo:
Ni a harabar jami'ar da ke Kongo na yi karatun shari'a, Samaru baƙo nake ko a da. Bayan an tashi daga bikin ɗiyar yayana na hau adaidaita na tafi ta PZ har Tudun Wada don kawai in ga ƙofar makarantarmu. Daga waje na tsaya, ban shiga ba, kuma hakan ya ishe ni.

Malam Abu Sadik:
Hajiya, shawara ɗaya zan ba ki, don ni na yi kuskuren da har yau yake cin raina. Ranar yaye babban ɗana na ga jawabai sun yi tsawo, na ce bari in leƙa Ɗanfodiyo, masaukin ɗalibai maza inda na kwana shekara uku, in zagayo ta ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. A hanya na haɗu da abokin ajinmu, hira ta yi daɗi. Kafin in dawo dandalin Mamman Kontagora inda ake bikin, an riga an kira tsangayarsu. Ba fa ɗaya bayan ɗaya ake kiran dubban yaran nan ba, tsangaya ake ambata su miƙe gaba ɗaya, minti kaɗan an wuce wurin. Yaron bai ce min komai ba. Mahaifiyarsa ce ta faɗa min yana ta waiwaye yana nemana. Ki bar zagayen tuna baya sai washegari.

Goggon Yara:
'Yata, ni na fita tun 1983, lokacin tsakanin wani gini da wani sai ka ratsa fili da itatuwa. Da na koma yaye jikata, ita ke riƙe da hannuna tana nuna min hanya a makarantar da na riga uwarta sani. Na roƙi mai kula da ƙofar Amina, masaukin ɗalibai mata, ta bar ni na hau har ɗakinmu. Na yi sallama, yara suka taso a rikice sun zaci uwar wata ce. Da na gaya musu a gadon da ke jikin taga na kwana, sai ga su sun shimfiɗa min darduma, ɗaya ta sauke tukunyar taliya ta ce sai na ci. Ki tafi da abinci mai yawa. Za ki ga yaran da iyayensu ba su samu zuwa ba suna tsaye cikin rigar yaye su kaɗai. Na yi dambun shinkafa kula biyu, ko loma ba ta dawo gida ba.

Maman Ilham:
Mun dawo lafiya, Allah ya saka muku da alheri. Malam, na ji maganarka, ban motsa daga gefen Inna ba. Yarinyar nan karatun shekara huɗu ya kai ta kusan shida, ga korona a 2020, ga yajin aikin wata takwas a 2022, ga rasuwar Baba a tsakiya. Da suka miƙe ban iya gano ta cikin huluna ba, Inna ce ta nuna min ita.

Abin da ban faɗa muku ba, Inna ba ta je nawa bikin ba. Auta na kwance da ƙyanda a lokacin, Baba kaɗai ya zo. Washegari ita da kanta ta ce in kai ta inda na zauna. Gwiwa ba ta bar ta hawa bene ba, sai muka zauna a inuwa gaban Amina na nuna mata tagar daga ƙasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni inda ni da Baba muka tsaya aka ɗauki hoton da ke rataye a ɗakinta. Muka je, Auta ta sake saka rigarta, aka ɗauke mu mu uku a wurin.