Waɗanda suka yi IT a sashen hulɗa da jama'a ko na talla, ku faɗa mana abin da kuka tarar

Ɗalibar aji uku, Kano

Assalamu alaikum, yayye da ƙanne. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida, kuma a zangon karatu mai zuwa za mu fita horon sanin makamar aiki, wanda kowa ya fi sani da IT. An riga an raba mana takardar neman gurbi da littafin logbuk da ake rubuta aikin da aka yi a ciki, an kuma yi mana lacca a kan tarihin tsarin, cewa hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971, ita ce ta ɓullo da wannan tsari mai suna SIWES a 1973 saboda masu ɗaukar aiki suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da ilimin takarda alhali ba su taɓa yin aikin da hannunsu ba. Duk wannan na rubuta shi a littafi, amma babu wanda ya gaya mana yadda ranar aiki take tun daga safe har tashi.

Zaɓi biyu ne a gabana. Kawuna ya yi mini alƙawarin gurbi a ofishin jami'in hulɗa da jama'a na wata ma'aikatar gwamnati, sannan wani ƙaramin kamfanin kayan sha ya ce zai karɓe ni a sashen talla, sai dai sun faɗa mini tun farko cewa rabin aikin a kasuwa ake yin sa. Ina roƙon duk wanda ya yi IT a irin waɗannan wurare ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Don Allah a sakaya sunayen wurare, domin ba tonon silili muka zo yi ba.

Tsohon ɗalibi, ma'aikaci a Kaduna

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ni a ma'aikatar gwamnati na yi nawa, wata shida cif, kuma mako uku na farko ban yi komai ba sai yankan jarida. Kullum da safe za a ajiye mini jaridu, in bi su shafi-shafi, duk inda aka ambaci ma'aikatar ko kwamishina in yanke da almakashi, in liƙa a farar takarda, in rubuta sunan jaridar da kwanan wata, a saka a fayil a kai sama kafin ƙarfe goma. A lokacin ina ganin an raina mini wayo ne. Sai daga baya na lura cewa a nan na gane wace jarida ce ke ɗaukar sanarwarmu yadda muka rubuta ta, wace ce ke juya ta, kuma wane wakili ne ba ya rubuta komai sai ya kira ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Ranar da aikin ya sauya mini ita ce ranar da aka wayi gari da wata jita-jita da wani ya watsa a shirin siyasa na rediyo da daddare. Ogana yana kan hanya daga Abuja, sai ya bugo waya ya ce in shirya sanarwar manema labarai kafin ya iso. Na zage na cika shafi biyu, na buɗe da kirarin kwamishina da ayyukan alherin da ya yi. Da ya zo ya ɗauki jan biro ya soke kusan duka, ya bar layi biyar, ya kuma ce mini edita yana da sanarwa ashirin a kan teburinsa, idan bai ga labari a layin farko ba kwandon shara zai jefa ta. Bayan haka ya sa na sake rubuta ta da Hausa saboda gidajen rediyo, tunda a can aka yi maganar kuma a can masu saurare ke jiran amsa. Wannan rabin awa ya fi mini amfani a kan kwas guda da na ci da maki mai kyau.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Bayan kowane taron manema labarai akan fito da takarda a rubuta sunayen waɗanda suka halarta, a raba ambulan da sunan kuɗin mota, kuma ɗan IT ake yawan miƙa wa wannan aiki saboda shi ne ƙarami. A aji an koya mana cewa wannan ya saɓa wa ƙa'idar aiki, a ofis kuwa na tarar ana yin sa kamar gaisuwa. Na raba, ban ji daɗi ba, kuma har yau ban yarda cewa hulɗa da jama'a ke nan ba, domin na ga ranar da ambulan bai hana labari marar daɗi fita ba, abin da ya taimaka shi ne ogana ya ɗauki waya ya faɗi gaskiyar lamarin ga wakilan da suka daɗe da sanin ba ya musu ƙarya. Idan kin zaɓi wannan fanni, ki nemi ofishin NIPR, ƙungiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta Nijeriya, na jiharku tun kina ɗaliba. An kafa ƙungiyar a 1963, dokar 1990 kuma ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma a tarurrukanta na haɗu da mutumin da ya ba ni aikina na farko.

Mai aikin talla, Zariya

'Yar'uwa, ni kasuwa na yi, a wani kamfanin sabulu da garin wanki, kuma horona ya faɗa daidai farkon 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi. Yaya na Kaduna ya yi maganar jan biro, mu namu jan biron dillalan kasuwar Singa ta Kano ne. A aji mun haddace cewa talla tana tsaye ne a kan haja da farashi da wurin sayarwa da yayatawa. Ranar farko da na tsaya gaban wani Alhaji mai sayar da sari na fara yi masa bayanin ƙamshi da kumfa, sai ya katse ni da tambaya uku: nawa zai samu a kan kowane katan, za a ba shi bashi zuwa mako biyu, kuma idan kayan suka kwanta za mu kwashe abinmu? Ban san amsar ko ɗaya ba. Daga ranar na daina fita sai na zauna da mai kula da sito na san farashin kamfani, da na ɗan sari, da na mai tebur.

Abu na biyu da kasuwa ta koya mini shi ne cewa kuɗin da ke hannun mai saye ne ke yanke girman ƙunshi. Matar da ta aiko yaro da naira ɗari ba ruwanta da cewa babbar leda ta fi araha idan aka yi lissafi, ƙaramar da kuɗinta zai saya take so. A makonnin da tsabar kuɗi ta yi wuya kuwa, masu tebur da ba su da asusun banki sun kusa tsayawa cik, sai da muka riƙa tafiya da na'urar POS, ni ce ma nake rubuta wanda ya tura da wanda kuɗinsa bai shigo ba tukuna.

Inda na fi yin amfani ga kamfanin shi ne harshe. An aiko da kalaman garaɓasa daga Legas da Turanci, wani ya fassara su kalma bayan kalma, aka buga a fasta. Da muka karanta su ta lasifika a kasuwar Wudil ranar Juma'a, mutane dariya suka yi ta yi, ba ta jin daɗi ba. Na roƙi manaja ya bar ni in sake su yadda mai talla a bakin kasuwa zai faɗa, ya yarda, kuma su aka ci gaba da amfani da su har na gama. Ki kuma sani cewa kasancewarki mace riba ce a wannan aiki, domin mu ne muke shiga gidaje da wuraren biki mu nuna wa mata kayan su gwada, inda abokan aikinmu maza sai dai su tsaya a ƙofar gida da mota. Wahalar ita ce rana da ƙura da tsayuwa, ga dawowa gida bayan magariba, wanda sai da mahaifina ya je ya ga manajan da kansa kafin ya amince.

Wani ɗan'uwa, Sakkwato

Ni gargaɗi kawai na zo yi. Kalmar talla tana da faɗi, kuma wasu wuraren da ita suke samun ma'aikata kyauta. A wani banki na yi nawa, aka ce sashen kasuwanci, ashe abin da ake nufi shi ne a ba ni adadin asusun da zan buɗe kowane mako. Na buɗe wa 'yan gidanmu, na buɗe wa maƙwabta, da suka ƙare na shiga tasha. Ban taɓa ganin yadda ake tsara talla ko auna tasirinta ba. Alawus ɗin da tsarin SIWES ya tanada a lokacin naira 2,500 ne a wata, kuma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan bai kai kuɗin adaidaita sahu na mako guda ba. Ki tambayi kamfanin, tun kafin ki sa hannu, ko za su ɗora miki adadin da dole ki sayar, da kuma wa zai biya kuɗin mota.

Mai shirya tallace-tallace a rediyo, Kano

Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, wato sashen kasuwanci na gidan rediyo, inda na yi nawa kuma aka riƙe ni bayan na gama bautar ƙasa. A nan mutum yake ganin talla tun daga lokacin da ɗan kasuwa ya shigo da takarda a hannu har ta zama jingul, wato tallar rediyo da aka naɗa, na daƙiƙa sittin. Na koyi cewa farashin daƙiƙa ya danganta da lokaci, cewa gurbin da ke kusa da labarai da shirye-shiryen siyasa na dare ya fi tsada, kuma a watan azumi sai an yi rububin gurbin da ke dab da shan ruwa. Aikina na farko shi ne zama da takardar jadawali ina sauraro, ina yi wa kowace talla alama idan ta fita, domin da wannan shaidar ake zuwa karɓar kuɗi a wurin mai talla.

A nan ne kuma na fara ganin doka tana aiki a kan abin da muka karanta. A 2022 hukumar ARCON mai kula da harkar talla ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON, kuma daga 1 ga Oktoba na wannan shekara ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya, abin da ya ƙara wa masu ɗora murya na gida kasuwa. Ƙa'ida ce a tantance talla kafin a watsa ta, kuma ta magani sai da amincewar NAFDAC. Na ga ranar da wani mai maganin gargajiya ya zo da kuɗin wata uku a leda, yana so a ce maganinsa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir gaba ɗaya. Shugabar sashenmu ta nemi takardunsa, babu, ta ce ba za a saka ba, ya tashi da fushi yana cewa akwai inda za a karɓa. Mai yiwuwa an karɓa ɗin. Ni dai a ranar na fahimci cewa wanda ya rubuta jingul yana da hannu a abin da zai samu wanda ya daina shan maganin asibiti saboda ya ji ta.

Ɗan'uwa daga Maraɗi

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Nijeriya. A wajenmu istaj muke kiran wannan horo, kuma a ƙarshensa ɗalibi yakan rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai. Na yi karatu a Yamai, na yi istaj ɗina a wani kamfanin waya a nan Maraɗi. Abin da 'yar'uwa ta Zariya ta faɗa game da fassara shi ne ainihin abin da na tarar, sai dai namu daga Faransanci yake zuwa. Takardun ofis duka da Faransanci ake yin su, ciniki kuwa da Hausa, kuma ɗan istaj da ya iya mayar da bayanin garaɓasa zuwa lissafin dala da jaka yadda mai saye zai gane nan take, shi ake nema a kowace fita.

Malami mai zuwa duba ɗalibai

Bari in ƙara da abin da nake gani daga ɗaya gefen. Tun da hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta sanar a 2020 cewa an rarraba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni daban-daban, har hulɗa da jama'a da talla kowanne ya zama digiri mai zaman kansa, neman gurbi a waɗannan sassa ya ƙaru, ofisoshin kuwa ba su ƙaru ba. Na taɓa shiga ofishi mai tebur biyu na tarar da 'yan IT tara a kan benci. Game da logbuk, muna gane wanda aka cika a dare ɗaya, domin biro ɗaya ne, rubutu iri ɗaya, kuma kowane mako abu guda ake maimaitawa. Ɗiyata, duk inda kika je, ki tambayi mutum nawa suka riga suka karɓa kuma wa zai zama mai kula da ke kai tsaye, sannan ki riƙa ajiye kwafin duk abin da kika rubuta da hannunki, in dai ba sirrin ofis ba ne, saboda shi za a nema ranar ganawar ɗaukar aiki.

Ɗalibar aji uku, Kano

Na gode ƙwarai, Malam, na gode yayyena, Allah Ya saka da alheri. Jiya na je ma'aikatar na yi tambayar da Malam ya ce, aka ce mini sun riga sun karɓi ɗalibai bakwai, kuma jami'in da kansa yana shirin tafiya kwas na wata uku. A kamfanin kayan shan kuwa ni kaɗai ce, sun ce babu adadin da za a ɗora mini, za su ba ni kuɗin mota a ranakun fita, kuma Litinin da Talata a ofis zan riƙa zama tare da mai kula da shafinsu na Facebook. Na kai musu takardata yau da safe. Saura in san yadda zan gaya wa Kawu, sannan Yaya ta Zariya, don Allah ki faɗa mini irin takalmin da kika riƙa sawa a ranakun kasuwa.