Foamy, frothy ko fizzy: wanne zan sa a allon shagona?

Mai Shayi, Bauchi Road:
Assalamu alaikum. Ina da teburin shayi kusa da jami'a a nan Jos, yawancin kwastomomina ɗalibai ne. Ranar Asabar zan ba mai rubutun allo aiki. Shayina na madara ne, ina ɗaga kofi sama in zubo shi har kumfa ta taso. Ƙanena ya ce a rubuta foamy tea, wata ɗaliba ta ce a'a, frothy. Ga kuma lemon kwalba a firij. Masu Turanci ku taimaka, ba zan biya kuɗin allo sau biyu ba.

Malamar Turanci, Rikkos:
Wa alaikumus salam. Maganar ɗalibar za ka bi. Froth kumfa ce marar nauyi da ke kwanciya a saman abin sha, irin ta madarar da aka kaɗa. Foamy ba kuskure ba ne, sai dai in Bature ya ji ta, hankalinsa kan tafi ga sabulu, man aski ko kumfar teku. Wa zai so ya tuna da baho alhali kofi na hannunsa?

Lemon kwalba kuwa fizzy ne. Shi ba kaɗawa aka yi ba, iskar carbon dioxide aka matse a ciki, shi ya sa kana buɗe murfi za ka ji tsss. A Ingila fizzy drinks suke cewa, a Amurka soda. Ni dai soft drinks zan ce ka rubuta, shi kowa ya sani a nan.

Ɗan Kemis, Farin Gada:
Malama ta gama magana. Ƙari kawai: effervescent ita ce za ka gani a kwalin ƙwayar bitamin C da ake jefawa a ruwa ta narke tana tafasa. Ta yi nauyi ga allon shayi. Ruwan gora mai gas sparkling ne, marar gas kamar Swan na Kerang kuma still. Sudsy ruwan Omo ne, bar wa masu wanki.

Amma Malam, ka guji bubbly. Ana faɗar ta ga yarinya mai fara'a, ana kuma kiran giyar shamfen da ita. Kada dattawan masallaci su zo maka da tambaya.

Mai Shayi, Bauchi Road:
Subhanallah, giya kuma? Frothy tea da soft drinks ke nan. Malama, kina da kofi ɗaya kyauta, amma ki zo kafin ƙarfe 8, bayan nan ɗalibai sun cika benci.